Ina so mu tara kuɗi don masu sankarar mama da sunan Gwaggona, ta ina zan fara?

'Yar Gwaggo:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Gwaggona ƙanwar babanmu wadda a hannunta na tashi Allah ya yi mata rasuwa bayan babbar sallah, sankarar mama ce. Kusan shekara tana jin ƙullutu a nononta na hagu ba ta faɗa wa kowa ba saboda kunya da tsoro, da ta faɗa kuma sai aka yi ta cewa ai daji ba ya son allura kar a kai ta asibiti, aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har wurin ya fashe. Da muka je likita ya ce ya riga ya bazu. Ni na yi jinyarta, kuma akwai wata mata da muke haɗuwa a layin kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, duk bayan sati uku, daga ƙauye take zuwa da goyo a baya, sau biyu muka haɗu sai na daina ganinta, na tambaya aka ce kuɗi ne suka ƙare mata. Wallahi har yau tana raina. Shi ne nake so mu tara wani abu mu taimaki irinta, Allah ya kai ladan kabarin Gwaggo. In sa lambar asusuna a Facebook kawai ko sai na yi rajistar ƙungiya? Kuma wa zan miƙa wa?

Nas daga Zariya:
Allah ya jiƙanta ya sa jinya ta zama kaffara. 'Yar uwa kar ki raba kuɗi a hannu. Manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, namu na Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da sashen walwalar marasa lafiya, su suka san wadda ta maƙale, ki je ki biya maganin da kanki a ba ki rasit. Sannan kar ki manta da kuɗin mota da masauki, mai zuwa gashi, wato ƙona dajin da na'ura, kusan kullum take zuwa Litinin zuwa Juma'a na tsawon makonni, wasu a barandar asibiti suke kwana, da yawa a nan suke sarewa ba a kuɗin magani kaɗai ba.

Baban Yara:
Mutane sun sha cuta a hannun masu roƙon kuɗin jinya a intanet shi ya sa suke ɗari-ɗari. Ku buɗe asusu daban wanda sai mutum biyu sun sa hannu, duk wata ku saki hoton abin da ya shigo da rasitai amma a rufe sunan mara lafiya. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba dole ba ce yanzu sai in abin ya girma. In hidimar ta yi miki yawa akwai Medicaid Cancer Foundation ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, sun daɗe a harkar, suna tattaki a Abuja a watan Oktoba, watan wayar da kai kan cutar.

Hajiya Babba:
'Yata Allah ya yi miki albarka. Sa'ad bin Ubada ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu aka ce masa eh, to ki yi da zuciya ɗaya. Ni nan an cire min nono ɗaya shekara 6 kenan ga ni da raina ina goyon jikoki, don da wuri na je. Ki ware wani abu ki ɗauko likita mace ta shiga Islamiyyar matan aure ta nuna musu yadda ake duba nono kwana kaɗan bayan gama al'ada, in kina so ni ma zan zo su ganni da idonsu.

'Yar Gwaggo:
Na gode ƙwarai, Hajiya kin sa ni hawaye. Na yi magana da Yaya ya yarda mu buɗe asusun tare ranar Litinin. Anti Nas in na je sashen walwalar da wace takarda zan tafi?