Abin da aka tattauna kan gane tsoffin ƙwallayen gilashi

Ga abin da na tsinta daga bakin jama'a kan waɗannan ƙananan ƙwallayen gilashi na wasa:

1. Kusan kowa ya yarda cewa tabon yanka, wato alamar da ke zama a inda aka yanko ƙwallon, shi ne abin dubawa na farko. Ƙwallayen da aka yi da hannu a garin Lauscha na Jamus tun tsakiyar ƙarni na 19, daga sandar gilashi mai zafi ake yanko su, shi ya sa za ka ji ɗan kaushi a ɓangarori biyu idan ka shafa da yatsa. Na inji, irin waɗanda wani mai kamfani, M.F. Christensen, ya fara yi a Akron ta Amurka a farkon shekarun 1900, galibi sumul suke.

2. Masu ɗan farin mutum-mutumi ko dabba a ciki tabo ɗaya gare su. An ja kunne sosai a kansu, don jabu sun yi yawa.

3. Gogewa, wato goge ƙwallon har ya yi sheƙi, ita ce ta raba kan mutane. Wasu sun ce tana fito da kyan launi, wasu sun ce tana cinye tabon, darajar ta zube. Ni dai ina bayan na biyun, raina ba ya son a taɓa tabon nan.

4. Kada a tara su a kwalba ɗaya, suna karce juna.