Ƙaramin inji na biyu a jirgin kamun kifi: a ina kuka ɗaura naku?

Ɗan Yawuri

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa masu sana'ar ruwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa haɗa inji biyu a jirgi ɗaya. Jirgina na katako ne, ya kai mita 10, ina sa kalli, wato raga, da mamari, wato igiya mai ƙugiyoyi, a tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Wara. Babban injina Yamaha ne mai doki 40, yana zaune a tsakiyar allon baya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, tayar da shi don zagayen duba kalli kawai ya zama asara, sai na sayi ƙarami mai doki 15, na hannu, in riƙa lallaɓawa da shi, in kuma babban ya mutu a tsakiyar ruwa in sami abin da zai kai ni gaɓa.

Allon bayan nawa ba shi da faɗin da zai ɗauki biyu su sake. Wani ya ce in buga masa kujera a gefe, yaron jirgina ya ce mu kwantar da shi a ciki sai buƙata ta taso. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mini abin da ya gani.

Baba Mai Taru

Wa alaikumus salam ɗana. Ba ka gaya mana ta wane gefe kake jan kalli ba, kuma daga nan ake farawa. Inda raga ke hawa, inji ba ya zama nan. Ni ta dama nake ja tun ina yaro, saboda haka ƙaramin nawa yana hagu. Wani maƙwabcina a masunta ya ɗaura nasa a gefen da yake ja, iska ta juyo da jirgin kan ragar, farfela ta naɗe ta. Asarar ragar ba ita ce babba ba. Zaren roba ya shige bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, bai sani ba, sai da aka kwance aka ga man giya ya koma fari kamar nono. Kuɗin gyaran ya kusa sayen kalli sabo.

Bakaniken Bakin Ruwa

Maganar Baba haka take. Bari in ƙara abin da nake gani a injinan da ake kawo mini.

Ɗan Yawuri, je ka tsaya bayan injin naka ka dube shi da kyau. Hannun tuƙi yana fitowa ne daga hagunsa, sandar giya kuma tana damansa. Haka babban yake, haka ƙaramin. To in ka sa ƙaramin a dama da babba, hannunsa zai faɗo wajen tsakiyar jirgi, ka riƙe shi cikin daɗi, giyarsa tana waje babu abin da ya tare ta. Sai dai kai ma a dama kake zama, nauyinka da na injin, wanda ya kusa kilo 40, sun taru gefe guda, jirgi zai riƙa tafiya a karkace sai ka mai da tanki da dutsen anga hagu. In kuwa ka sa shi a hagu, nauyi ya daidaita, amma hannunsa zai matsu da bangon jirgi, juyawa ta gefe ɗaya za ta ƙi cika, sannan hannun babban yana kwance a kan hanyar giyar ƙaramin. Kowanne da ciwonsa.

Akwai kuma ja. Injin da ba ya tsakiya yana tura jirgi zuwa ɗaya gefen: na dama ya kai goshi hagu, na hagu ya kai shi dama. Farfela ita ma, da yake dama take juyawa, tana ɗan karkatar da goshi hagu. Ka ga na hagu su biyun suna rage wa juna, na dama kuwa suna haɗa kai. A dogon jirgi irin naka da ke tafiya sannu ba wani abu ba ne mai yawa, amma wanda ya wuni riƙe da hannun inji kafaɗarsa za ta gaya masa.

Abin da ya fi duk wannan shi ne tsayi. Ƙafar inji iri biyu ce a kasuwarmu, gajera ta allo mai inci 15 da doguwa ta inci 20. Duba lambar jikinsa, in ka ga S gajera ce, L doguwa. Faffaɗan ƙarfen nan da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan nutse ƙasa da shi. A ƙaramin inji na fi son ya ƙara nutsewa kaɗan, tunda ba gudu ake nema da shi ba. In ya yi sama, farfela za ta riƙa shan iska, ka ji inji yana ihu jirgi na tsaye, ramukan shan ruwa su fito waje, robar famfo ta ƙone cikin ɗan lokaci. Yawancin ƙananan injinan da ke zuwa mini da zafi, kujerarsu ce aka buga sama.

Na Yeji

Sannunku da aiki. Ni ina tafkin Volta a Gana, amma na yi zama a Tema, na ga yadda masunta 'yan ƙabilar Fante suke yi da manyan kwale-kwalensu na teku. Nasu gaba da baya duk tsini ne, babu allon da za a maƙala inji, sai su buga kujerar katako a gefen dama kusa da baya. Da mai doki 40 suke shiga teku a haka, saboda haka kada wani ya ce maka gefe ba ya aiki.

Na kwaikwaya a nawa jirgin. In ruwa na kwance lafiya lau, har ya fi sauƙin kai hannu a cire ciyawa daga farfela. Ranar iska ne ake jin jiki. Jirgi in ya kwanta hagu farfela ta fito fili, in ya dawo dama igiyar ruwa ta wanke kan injin. Da doguwar ƙafa abin da sauƙi, da gajera kuwa ban ba ka shawara ba.

Mu nan babbar damuwarmu kututture ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965 itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a ƙasa. Injin baya, jikin jirgi yana ɗan kare shi, na gefe kuwa shi ke fara cin karo. Shi ya sa in ina tafiya gaba ba na kulle maƙallin ɗagawa, in ƙafar ta bugi abu sai ta yi sama da kanta maimakon ta fizge kujerar. Sai zan yi ribas nake kullewa.

Ɗan Doro

Ni dai ina bayan yaron jirginka. A tafkin Chadi ruwanmu ba zurfi, ga ciyawa, wata hanyar ma faɗinta bai wuce jirgi ɗaya ba. Duk abin da ya leƙo gefe sai ya maƙale, ko wani jirgin ya goge shi a mashiga. Nawa ƙaramin kwance yake a ciki kan tsohuwar taya, kansa sama ƙafarsa ƙasa don kada ragowar ruwa ya gangara cikin injin, na rufe shi da leda. In na buƙace shi mu ɗaga mu maƙala. Inji mai fo-sitirok, wato wanda ba a haɗa masa baƙin mai da fetur, shi ne kawai ke da sharaɗi, gefe ɗaya ake kwantar da shi, in ka juya shi baƙin mai ya malale ciki.

Baba Mai Taru

Ɗan Doro, ruwanku daban namu daban. Kai in injinka ya mutu gora za ka sa ka taɓa ƙasa. A Kainji akwai inda gora ba ta da abin taɓawa, kuma hadarin damina ba ya sallama. Jirgi na rawa, ruwa na shigowa, yaro ɗaya na kwarfa, wa zai ɗauki ƙarfe mai kilo 40 ya leƙa bayan jirgi ya ɗaure shi? Na ga wanda ya gwada, injin yana ƙasan tafki har yau. Injin da ake ajiyewa don ranar wahala ya zauna a kujerarsa, tiyo a haɗe, ja ɗaya ko biyu ya tashi.

Ɗan Doro

Gaskiya ne Baba, ban ja da kai ba. A buɗaɗɗen ruwa ni ma ba zan kwantar ba.

Kafintan Jirgi

Maigida, bari mai guduma ya sa baki. Kujerar gefe da ta baya duk na buga, kuma waɗanda suka dawo mini da kuka ba wurin ne ya cuce su ba, yadda aka kafa ne.

Ƙusa ba ta riƙe inji. Girgiza ce ke zare ta sannu a hankali, ramin ya buɗe, ruwa ya fara tsattsafowa. Noti ake sawa mai dogon ƙarfe ya ratsa ya fito ciki, da faifan ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashin notin, kuma ya kama haƙarƙarin jirgi ko ginshiƙin kusurwa, ba fallen katako kaɗai ba. Katakon kujerar ya zama maɗaci ko kawo busasshe, kaurinsa ya cika bakin maƙallin injin, wajen inci 2. Kada a tsai da shi cak, a ɗan jirkita samansa baya yadda allon babban yake, in ba haka ba ƙafar injin ba za ta tsaya daidai cikin ruwa ba.

Ga jirgi irin naka abin da na fi yi shi ne kunne: katako mai kauri a manne shi a bayan allon ya leƙa ta kusurwa ɗaya, a tokare shi da ƙarfe daga ƙasa. Injin yana baya, jikin jirgi na kare shi, kuma ya ba babban wuri. Kafin in huda ko rami ɗaya, da kilam, wato ƙarfen matse katako, nake kama kujerar, mu ɗora injinan biyu, a juya kowanne iyakarsa dama da hagu, a ɗaga wannan a sauke wancan. In tafin hannu bai wuce tsakaninsu ba a kowane juyi, a matsar.

Sai mu shiga ruwa. Jirgi fanko, in tura yaro can goshi kamar zai ja kalli, in duba farfela. Nan ake kama yawancin kujeru, domin mutum ɗaya a goshin dogon jirgi yana ɗaga baya fiye da yadda ake zato. Bayan haka a loda buhunan yashi ko mutane, nauyin ranar kasuwa, a duba kan injin bai kusanci ruwa ba, har da lokacin da aka rage gudu farat ɗaya ruwan baya ya biyo. Tsakanin waɗannan biyun ake samun wurin huda.

Wasu na cewa in yanka musu rijiya a cikin jirgi injin ya zauna ciki. Ana yi, amma a tsohon jirgi ba na so: hayaƙi na taruwa, kainuwa na cushewa, ga sabuwar hanyar yoyo.

Hajiya Mai Banda

Ni ba na shiga ruwa, amma jiragena na shiga, kuma ni ke biyan kuɗin mai da na gyara. Abu biyu zan ce. Ƙaramin ya sami tankinsa da tiyonsa daban. Sau da yawa abin da ke kashe babba ruwa ne a cikin fetur, to in daga tanki ɗaya suke sha, tare za su yi shiru. Na biyu, duk inda za ka sa shi, ya zama yaro ɗaya zai iya kwance shi da yamma ya kai gida. Ƙaramin inji shi ɓarawo ke so, a kafaɗa ake tafiya da shi. Wani ya ba ni shawarar a ɗaure shi da noti dindindin, na ce a'a, na gode.

Kuma ku riƙa tayar da shi. Yarana sun taɓa barin ɗaya wata da watanni a rataye ba a taɓa ba, ranar da aka neme shi mai ya daskare a kafireta.

Ɗan Yawuri

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, da sauran 'yan'uwa. Ta dama nake jan kalli, don haka hagu muka bi. Na duba lambar, S ce, gajera. Kafintanmu ya yi kunne a kusurwar hagu kamar yadda aka kwatanta, muka kama da kilam muka shiga ruwa. Da yaro ya je goshi sai ga ƙarfen saman farfela a waje, muka sauke kujerar kusan yatsu huɗu ƙasa da bakin allo. Da lodi kan injin yana da sauran tazara, amma ba mai yawa ba, ranar kasuwa zan riƙa ɗage shi. Maganar hannu ta fito yadda bakanike ya faɗa: kwanar dama ba ta cika sosai, sai mun rage bakin katakon gefe kaɗan. In ƙaramin na aiki ina ɗage babban in naɗe hannunsa sama, giya ta samu hanya.

Saura tambaya ɗaya. Maƙallan nan biyu na hannu suna saki in an yi tafiya. Me kuke yi musu?

Bakaniken Bakin Ruwa

Sabon katako ne ke lotsawa, zai yi haka na ɗan lokaci, ka riƙa ƙara ɗaurewa kowace safiya. Sa kafinta ya ɗan fafe gurbi biyu marasa zurfi inda fayafayan maƙallin ke zama, ko ya buga siririn katako a samansu, don ko sun saki injin ba zai zame sama ba. Hannuwan maƙallin suna da huda, haɗa su da igiya ko kwaɗo ba za su juya ba. Sannan sarƙa ko igiya mai ƙarfi daga jikin injin zuwa haƙarƙarin jirgi, ba jikin kujerar ba. Ka bar mata tsawon da injin zai juya ya ɗagu, amma kada ta kai yadda kansa zai nutse in ya faɗo.