Wane suna za mu ba "calm corner" da Hausa?

Salam 'yan uwa malamai da masu kishin Hausa, musamman na Gombe da Bauchi, ku matso akwai aiki. Wurin nan da ake warewa a makaranta, wanda Turawa ke ce wa calm corner, wasu su ce calm space, me za mu kira shi da Hausa? A tarukan bita yanzu an fara yawan ambatonsa, mai gabatarwa yana zuba Hausa tiryan-tiryan, da ya zo kansa sai ya koma Turanci, iyayen yaran da aka gayyato kuma sai dai su gyaɗa kai.

Bari in fara faɗin mene ne shi, don kar mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. Ɗan wuri ne a gefen aji ko kusa da aji, inda yaro zai je ya zauna na 'yan mintuna idan fushi ko tsoro ko kuka ko hayaniya ta fi ƙarfinsa, har ya dawo daidai ya koma karatu. Shi yaron ne ke neman zuwa, ko malami ya yi masa tayi a hankali, ba a kulle ƙofa, ba a barinsa inda idon malami bai kai ba, kuma ba horo ba ne. Dalilin yinsa a jiki yake: idan mutum ya firgita ko ya fusata jikinsa na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce, a wannan halin ko lissafin da ya iya jiya aka tambaye shi ba zai kawo ba. Zama da jan numfashi a hankali su ke saukar da bugun.

Mu nan abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Akwai yaran da iyayensu suka taso daga Borno da Yobe lokacin rikici suka zauna a cikinmu, akwai marayu, akwai wanda ya fito gida an kwana ana rigima, akwai mai lalurar galahanga da ƙarar aji cike maƙil ke gigita shi ya toshe kunne. Irin yarinyar nan da an dawo daga tara sai ka ga ta kifa kai a benci, ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ka yi magana shiru, mu kuma abin da ke hannunmu tsawa ce da kama kunne da tsallen kwaɗo.

Toh ga sunayen da aka kawo min, da abin da na gani a kowanne.

Ɗakin hutawa. Wannan ya fi yawan masoya amma wallahi bai yi ba. Ka ce wa uba ɗanka ya shiga ɗakin hutawa ana cikin darasi, abin da zai ji shi ne an bar yaro ya je ya miƙe ƙafa ana karatu. Wurin shaƙatawa ma haka, wannan ai na lilo ne da yawon sallah. Ɗakin shiru kuwa kamar inda ake kai mai surutu ne a hukunta shi, alhali yaron da ya je can wataƙila kuka zai yi ko magana yake so ya yi.

Wani malami daga Azare ya ce wurin huce haushi. Malam na fahimci inda ka dosa, amma a Hausa a kan wani ake huce haushi, kar yara su ɗauka wurin dukan benci ne. Da ka ce wurin hucewa kawai da ya fi, kuma na daɗe ina juya shi, sai dai hucewa ta mai fushi ce, wanda ke cikin tsoro ko kewar mahaifiyarsa da ta rasu ba hucewa yake nema ba.

An kuma kawo halwa da sakina. Kalmomi ne masu kyau, amma halwa ta masu ibada ce, sannan makarantunmu na gwamnati daga Bajoga har Billiri da Kaltungo Musulmi da Kirista ne a benci ɗaya, Bafulatani da Batangale da Batere da Babole, Hausar kasuwa ce ta haɗa su, sai a ba su kalmar da kowa ke ji a gida.

Wanda na fi tsayawa a kansa, kuma nake roƙo don Allah a bar shi, shi ne duk sunan da kalmar ƙwaƙwalwa ta shiga ciki, irin su ɗakin lafiyar ƙwaƙwalwa. A takarda daidai ne, a bakin yara kuwa kafin a tashi ya zama ɗakin mahaukata, duk wanda ya shiga sau ɗaya sunan ya bi shi har ya gama makarantar, kuma babu uwar da za ta yarda. Ƙasar nan ma ta daɗe da wannan nauyin, dokar 1958 da aka yi aiki da ita a da sunanta da Turanci dokar hauka ne, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbinta. Kar mu dawo da shi cikin aji da hannunmu. Ko ɗakin kwantar da hankali, duk da ma'anarsa ta yi, ina jin tsoron yara su yanke shi su bar hankali kaɗai su yi tsokana da shi, ga kuma tsawo.

Wasu sun ce mu ƙera kalma ɗaya kamar yadda aka samu makaranta da masauki da mafaka. Ba laifi ba ne ƙira, mutanen Holan sun yi: a shekarun 1970 Jan Hulsegge da Ad Verheul, masu aiki da masu naƙasar fahimta a cibiyar De Hartenberg, sun haɗa kalmar shinshina da ta gyangyaɗi a yarensu suka fitar da Snoezelen, sunan ɗakin nan mai fitilu masu laushi da sauti da abubuwan taɓawa, yau duniya da shi take kiransa. Amma mu da muka gwada, mahuta ta maida mu hutu, manatsa kuma babu wanda ya ji ta ya gane sai an yi masa bayani.

Ni dai inda na tsaya shi ne wurin natsuwa.

Na ce wuri ban ce ɗaki ba da gangan. Makarantar da ajujuwa ba su isa ba, idan ka ce ɗaki hedimasta zai ce sai SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ta gina, magana ta mutu. Wuri kuwa tabarma ce a ƙarshen aji da filo ɗaya, da takarda da fensir mai kala, da kofin ruwa, da kwali mai zanen fuskoki, mai murmushi da mai kuka da mai fushi, yaro ya nuna wacce ce tasa idan bakinsa ya kasa. Ko gindin dogonyaron da ke daidai tagar aji ya isa. Kusurwa ita ce fassarar kai tsaye amma ta ƙuntata, lungu kuma kun san abin da ake nufi in an ce an ga yaro a lungu.

Natsuwa kuma ta ɗauki mai fushi da mai tsoro da mai baƙin ciki duka, kuma ba ta da abin kunya a jikinta, yabo ce ma, a ce wance yarinya ce mai natsuwa. Ɗan Islamiyya ya san ta tun a babin salla, ya kuma san hadisin da ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa, don haka ba sai an sha wahalar gamsar da iyaye cewa ba baƙon abu aka kawo ba.

Malama daga Kaltungo, na ga gyaranki kuma gaskiyarki ne, mu malamai mun riga mun maida "ka natsu!" tsawa, to in aka ce wa yaro tashi ka tafi wurin natsuwa da irin wannan muryar, ya zama nildawun mai tabarma. Shi ya sa a ganina sunan ya tafi tare da yadda ake faɗinsa. Yaro ya ce, Malama zan je wurin natsuwa. Malama ta ce, je ka, in ka ji daidai ka dawo. In ita ce ta lura da shi, ta matsa kusa ta tambaye shi ƙasa-ƙasa, kana son ka ɗan je wurin natsuwa? Wanda ya yi laifi a yi masa hukuncinsa a wani wajen daban, kar a taɓa tura shi kan tabarmar nan.

Jam'insa wuraren natsuwa, makarantar da Allah ya hore wa ɗaki guda ta ce ɗakin natsuwa. Masu Fulfulde da Tangale ku kawo naku a rubuta a ƙarƙashin na Hausar a jikin kwalin.