Tun da aka shigo da x 'yata ta rikice a lissafi, in ɗauki malamin lesin?

Baban 'Yan Mata, Agege: Assalamu alaikum. Babbar 'yata tana JSS2 a makarantar gwamnati a nan Legas. A firamare lissafi bai taɓa ba ta wahala ba, amma tun da aka fara haɗa lambobi da haruffa ta rikice, zangon nan maki 31 ta ci, ga BECE, jarrabawar gama JSS3, baɗi. An haɗa ni da wani malamin lesin, ya ce dubu 20 a wata, Asabar da Lahadi da safe. Da yamma tana Islamiyya kuma ba zan cire ta ba, makarantar kuɗi kuwa ta fi ƙarfina. In ɗauke shi, ko da wata hanya?

Dillalin Alaba Rago: Wa alaikumus salam. Alhaji ka mai da yarinyar makarantar kuɗi kawai ka huta.

Uwargida Idi-Araba: Dubu 20? An yi maka sauƙi. Mu 35 muke biya, ban da kuɗin mota.

Mai Albasa, Mile 12: Hajiya a Lekki, unguwar masu kuɗi, aka samo muku malamin? Nan unguwarmu dubu 6 ne duk yaro, kullum ƙarfe huɗu zuwa shida. Ka kawo ta nan.

Tsohon Direba: Ni kada wanda ya ƙara yi mini zancen malamin lesin. Na ɗaukar wa ɗana wani, zango biyu ina biya, har abinci ake zuba masa. Duk aikin gida yaro na cin goma bisa goma, ni ina ta sa albarka. Ashe shi yake yi masa a takarda, yaro ya kwafe. Da jarrabawa ta zo ko 2x + 5 = 17 bai iya ba. Na kira shi, ya ce yaron ne ba shi da ƙwaƙwalwa, a gaban uwarsa. Daga nan ya nemi kuɗin wata biyu wai mahaifiyarsa ba lafiya, na tausaya na ba shi, har yau wayarsa a kashe. Yaron ya rubuta WAEC bai samu kiredit a lissafi ba, kuma kun san kwasa-kwasai da yawa a jami'a ba a ɗaukar ka ba shi. Yanzu yana bin mota. Allah ya isa.

Uwargida Idi-Araba: Innalillahi. Baba Allah ya saka maka.

Ɗan Obalende: Wai har yanzu ba a ga x ɗin nan ba? Tun muna aji ɗaya ake nemansa. A kai cigiya masallacin Juma'a mana.

Malamar Lissafi: Baban 'Yan Mata, kafin ka biya ko sisi ka gwada ta da kanka. Ce mata 3 − 8, sannan −3 sau −2. In ba ta ce −5 da 6 ba, ciwon ba a x yake ba, a lambobi masu alamar debewa yake, tun JSS1 aka baro ta. Yawanci haddar "tsallaka, canja alama" ake ba su ba tare da dalili ba. Alamar = sikeli ce: abin da ka cire a wannan gefe, ka cire a wancan. A lissafin da Baba ya kawo, cire 5 a kowane gefe, saura 2x = 12, raba biyu, x = 6. Ka ce malamin ya koyar a gabanka rana ɗaya, in shi ke riƙe da biro koyaushe, sallame shi.

Mai Albasa, Mile 12: Malama ku ne fa kuka baro su ɗin. Ni ban san x ba, amma kuɗin tirela guda a ka nake lissafa shi.

Malamar Lissafi: To Alhaji ka je ka rubuta mata BECE ɗin da ka.

Almajirin Zaure: Kada a raina ilimin nan na lissafi da haruffa, wato aljabra, namu ne. Al-Khawarizmi ya tsara shi a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban kaso na littafinsa na aljabra a kan rabon gado da wasiyya ne.

Tsohon Direba: Malam ni tarihi zai dawo mini da kuɗina?

Baban 'Yan Mata, Agege: Na gwada ta Malama, 5 ta ce a na farko. Ta kuma ce in malaminsu ya ga ba a gane ba, sai ya koma bayani da Yarabanci, ita kuma ba ta ji sosai.

Uwargida Idi-Araba: Ai wannan shi ne kukanmu! Tun dokar 2018 Yarabanci dole ne a makarantun Legas, mun yarda, a koya a darasinsa. Amma a lissafi ma?

Dillalin Alaba Rago: Yaran da aka haifa a Agege ba su jin Yarabanci? Laifin iyaye ne da ke kulle su a gida.

Uwargida Idi-Araba: Naka nawa ne ke ji, Alhaji?