Tambaya: wai me ya sa haƙƙin mallaka yake daɗewa haka?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Ni dai karatun littattafai nake yi a YouTube, to akwai wani tsohon littafi da na tsinto a kwabar babanmu, bangon ma ya cire sai da na liƙe shi da salatif, marubucin ya rasu tun 1990 kuma na zaga wajen masu littattafai a Sabon Gari babu mai shi. Na ce bari in karanta, wani abokina ya ce kar in soma wai har yanzu da mai shi. Mutum ya shekara talatin da wani abu a ƙasa fa. Dan Allah haka dokar take?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya yi gaskiya ɗan'uwa. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ce littafi rayuwar marubuci ne da ƙarin shekara 70, wato naka sai ƙarshen 2060 zai zama na kowa. Fim kuwa shekara 50 ne daga fitowarsa.

Amma da ba haka abin yake ba a duniya. A Amurka dokar farko ta 1790 shekara 14 ce kacal, in kana raye ka sabunta wasu 14. Aka yi ta ja kamar roba. Ka duba Mickey Mouse ɗin nan da yara suke kallo, kartun ɗinsa na 1928 da a 1984 zai kuɓuce wa kamfanin Disney mai shi, sai dokar 1976 ta mayar da na kamfanoni shekara 75, wa'adi ya sake matsowa sai ga dokar 1998 ta mai da shi 95. Disney da sauran manyan kamfanonin fim da na waƙa sun yi kamun ƙafa sosai a majalisa, har mutane suka laƙaba wa dokar sunan ɓeran, wato Mickey Mouse. An kai ƙara kotun ƙoli, a 2003 alƙalai 7 cikin 9 suka ce majalisa tana da hurumi. Abin dariyar kuma su Disney ɗin da tatsuniyoyin Turai da ba su da mai shi suka yi kuɗi.

Maman Ilham:
Hmm malam ni marubuciya ce kuma wlh in na ji ana kukan shekara 70 dariya nake. Mu nan sati ɗaya ma ba ma samu, na fitar da littafi ranar Juma'a kafin Litinin an zuba shi a guruf ɗin WhatsApp kyauta har da masu tambayata ina ci gaban. To in na mutu 'ya'yana su ci ɗan abin da ya rage laifi ne? Gida ma ai ana gado.

Baban Sadiq:
Hajiya ba a hana 'ya'ya ci ba, amma ƙarin shekara 20 irin wanda Amurka ta yi a 1998 bayan mutum ya riga ya rasu ba zai sa ya tashi ya rubuta sabo ba ai. Masu tarin tsofaffin finafinai ne suka amfana. Sai dai a yi adalci, ba Disney kaɗai ba ne, Turai ta riga ta koma 70 tun 1993 sai Amurka ta ce kar a bar ta a baya. Kuma da 2024 ta zo ba a sake ƙarawa ba, Mickey na 1928 ya zama na kowa.

Ɗan Fagge:
Na gode yallaɓai. Ni a 2060 in da rai haƙora ma babu balle karatu. An ce min iyalinsa suna wajen Ƙoƙi, gobe bayan la'asar zan je in yi sallama da magada in ji ko za mu daidaita.

Maman Ilham:
Yawwa. Ka tafi da takarda a rubuta a sa hannu, kuma duk magadan, kar ka tsaya kan babban ɗa kawai.