Gara mu faɗi da mai aƙida da mu ci da ɗan ci-rani

Kwamared Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau raina a ɓace yake, bari in faɗi abin da ke cina ko na samu barci. Jiya bayan la'asar muka yi mitin na mazaɓa, muna zaune a kan benci a ƙofar ofis aka ɗauko maganar wanda jam'iyya za ta tsayar a 2027, sai ciyaman ya buɗe baki ya ce wai mu daina ɓata wa kanmu lokaci da zancen aƙida, mai iya cin zaɓe ake nema, ko jiya ya yanki kati in dai yana da kayan aiki kuma gwamnoni na bayansa to shi ne ɗan takara. Haba jama'a! To mu da muke yawo da bokitin sitaci cikin dare muna liƙa fosta daga Kasuwar Barci har Bakin Ruwa, mu su waye? Na faɗa a gabansa kuma ina maimaitawa a nan, gara mu tsayar da mai aƙida mu faɗi da mu ɗauko ɗan ci-rani mu ci, don ranar da ya hau kujera ba mu zai yi wa aiki ba, waɗanda suka zuba masa kuɗi zai biya.

Alhaji Na Kasuwa: Wa alaikumussalam Kwamared. Sannu da ɓacin rai. Amma ciyaman ɗinku bai yi ƙarya ba fa. Jam'iyyar da ba ta cin zaɓe ai ƙungiyar zumunci ce kawai.

Ɗan Rigasa: Tsaya tukun. Malam Kwamared, me ɗan ci-rani ya yi maka da za ka mai da shi zagi? Ubana ci-rani ya kawo shi garin nan daga Zamfara, garuwa ya yi da kura yana tura jarkoki a layukan Rigasa, da kuɗin ruwan nan ya sa mu makaranta. Ka nemi wata kalmar ka jefi ɓarayin naku da ita, ka bar mana wannan.

Kwamared Tudun Wada: Kai ɗan'uwa ba haka nake nufi ba, kowa ya san me ake nufi da ɗan ci-rani a siyasa

Ɗan Rigasa: Ni ban sani ba. Wanda na sani shi ne mai barin gona bayan kaka ya zo birni ya nemi halak ɗinsa, damina ta faɗi ya koma gida. Su waɗanda kake magana wace gona suke komawa?

Maman Ilham: Wlh gaskiyar Ɗan Rigasa ce. Mai yankan farce da mai wankin takalmi sun fi wasu masu babbar riga mutunci.

Ticha Unguwar Rimi: To in kalmar za a bi, ku nuna min wanda bai yi ci-ranin ba a cikin manyan nan. Buhari ANPP ya tsaya a 2003 da 2007, ya koma CPC a 2011, ya ci a APC a 2015. Atiku ya bar PDP ya yi takara a AC a 2007, ya dawo PDP, ya tafi APC, ya sake dawowa PDP. Kwankwaso PDP, APC, PDP, sannan NNPP. Obi daga APGA ya shiga PDP, ya fice zuwa Leba ana dab da zaɓen fidda gwani a 2022. Kwamared faɗa mana waye naka da bai taɓa motsawa ba.

Sak Har Abada: Ticha kar ka haɗa Baba Buhari da sauran dan Allah. Shi ba sauya sheƙa ya yi ba, maja aka yi. CPC ɗinsa ya ɗauka ya shiga da ita, da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA aka haɗa APC a 2013. Wannan daban, tsallen kwaɗayi daban.

Ticha Unguwar Rimi: Daga ANPP zuwa CPC fa, ita ma maja ce?

Sak Har Abada: Cin amanarsa suka yi a ANPP, yana kotu su kuma suna can suna karɓar muƙami a gwamnatin 'Yar'adua. Kai ma da kai ne tashi za ka yi.

Maman Ilham: Kowa in nasa ne sai a ce cin amana aka yi masa, in na wani ne kuma kwaɗayi 😂

Baba Mai Sawaba: Yara ku yi haƙuri in sa baki. Ni na ga siyasar aƙida da idona ba labari aka ba ni ba. A 1979 Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ya kayar da Lawal Kaita na NPN a zaɓen gwamnan tsohuwar Kaduna, lokacin har da Katsina a ciki, ba shi da kuɗin da ya kai nasu ko kusa, talakawa ne suka ɗauke shi a ka. Yana hawa aka soke haraji da jangali, shi da Abubakar Rimi a Kano. Ku yaran yanzu ba ku san mene ne haraji ba, ba ku ga yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar mai gari don bai biya ba, ba ku ga dogari ya shiga gida ya kwance akuya ba. Shi ne yau wani zai zauna ya ce wai aƙida ba ta cin zaɓe.

Alhaji Na Kasuwa: Allah ya ƙara girma Baba, amma a ƙarasa labarin mana. Majalisar jiha ai NPN ce ke da rinjaye, suka hana shi naɗa kwamishinoni, ya ƙi sassautawa suka ƙi sassautawa, a watan Yunin 1981 suka tsige shi. Ko shekara biyu bai cika ba. A 1983 kuma Lawal Kaitan nan dai shi ya hau. Da ya ɗan lanƙwasa da talakan bai rasa gwamnansa ba.

Baba Mai Sawaba: Ɗana, ya lanƙwasa ya zama me? Har ya koma ga Allah a 2020 ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo. Kawo min gwamna uku da za ka faɗi haka a kansu.

Dattijon Kawo: Malam Mai Sawaba ka dai taƙaita. Ku 'yan Santsi, ɓangaren su Rimi da Balarabe, ku kuka rusa PRP, kuka bijire wa Malam Aminu Kano yana raye, kuna zama da gwamnonin UPN da GNPP bayan jam'iyya ta ce kar a je. Ƙarshenta Rimin naku NPP ya koma a 1983, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a Kano. To in ana neman ɗan ci-ranin farko ai sai a duba gidanku.

Baba Mai Sawaba: Ku 'yan Taɓo, da kuke cewa ku ne ɓangaren Malam, har kuna da bakin magana? Ku da kuka riƙa raɓe-raɓe da NPN?

Dattijon Kawo: Mu dai Malam ya rasu a Afrilun 1983 muna tare da shi. Ku kuna ina?

Maman Ilham: Iko sai Allah, rigimar da ta girme ni ta dawo sabuwa. Su Baba ku yi wa Allah ku yi haƙuri.

Ɗan Rigasa: Har yanzu fa Kwamared bai janye kalmar nan ba, kuma ga Baban Kawo ma ya ɗauka.

Dattijon Kawo: Yaro ni da ita na tashi, tun kafin a haifi babanka ake faɗinta.

Ɗan Rigasa: Baba ban yi maka rashin kunya ba, a bar babana a inda yake.

Ticha Unguwar Rimi: A dawo kan lissafi dan Allah. Shi kansa Malam Aminu da duk muke girmamawa, a 1979 Kano kaɗai ya ci, Shagari ya tafi da kujera. Dokar ƙasar nan ba ta tambayar tsarkin zuciyarka, ta ce ka fi kowa ƙuri'a kuma ka samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jiha 24 a yanzu. Buhari ya tara ƙuri'a miliyan 12 a 2011 bai ci ba saboda kusan duk a Arewa suke, sai da ya haɗa kai da su Tinubu da gwamnonin da suka ɓalle daga PDP sannan ya samu miliyan 15 da ɗoriya a 2015. A 2023 Tinubu kusan miliyan 8.8 ya samu, Atiku kusan 7, Obi 6.1, Kwankwaso kusan 1.5, kuma ukun ƙarshen nan duk a PDP suke a 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku. Ku haɗa ku gani. Kowa ya ce shi ne mai gaskiya ya kama gabansa, wanda ya riƙe gwamnoninsa ya wuce.

Jar Hula Badarawa: Ticha ka cire Madugu Kwankwaso a wannan lissafin. Shi aƙida ya bi, kuma ya nuna wa duniya shi ke da Kano.

Alhaji Na Kasuwa: Kano ɗin kaɗai ai. A nan Kaduna ko dubu ɗari bai kai ba, Waziri Atiku ne ya ci jihar da ƙuri'a sama da dubu 550.

Jar Hula Badarawa: Wazirin ya hau?

Alhaji Na Kasuwa: Da kun zauna a gida ai da ya hau.

Sak Har Abada: Ku ci gaba da kuka, mu dai mun ci.

Maman Ilham: Kun ci me? Ranar rantsuwa aka ce tallafi ya tafi, litar mai daga ƙasa da 200 ta haura 500 kafin mu farga. Ni abin da ke ba ni haushi da ku maza kenan, duk surutun nan ranar zaɓe mu mata ne a layi tun asuba da goyo a baya, a miƙo mana taliya da sabulu da turmin atamfa guda a ce mutum biyu su raba, daga nan shikenan sai bayan shekara huɗu. Mai aƙidar da mai kuɗin duk ban ga wanda ya tambaye mu wa muke so ba, daliget ne suke shiga ɗaki su fito da mutum.

Alhaji Na Kasuwa: Tunda an zo maganar daliget bari in yi tambaya. Kwamared, ba kai ba ne na ji an ce ka nemi a sa sunanka a daliget na mazaɓarku aka tsallake ka? Don in wannan ne ciwon a faɗa mana kawai mu ba ka haƙuri, a bar wahalar da aƙida.

Kwamared Tudun Wada: Alhaji ka ji tsoron Allah. Wa ya faɗa maka? Kawo shaida.

Alhaji Na Kasuwa: A shago na ji.

Kwamared Tudun Wada: A shago! To ni ma a majalisa na ji an ce kai ka yi kwangilar buhunan shinkafar da aka raba a zaɓen gwamna, shi ya sa kake son mai kayan aiki.

Alhaji Na Kasuwa: Ni ɗan kasuwa ne ƙanena, duk wanda ya zo da kuɗinsa zan auna masa, ko PRP ce. Sai dai ita ba ta taɓa zuwa ba.

Baba Mai Sawaba: PRP ba ta sayen mutane.

Dattijon Kawo: Wacce PRP ɗin? Wadda ta ba ɗan Abiola tikiti a 2023? Shi ma a NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu, ya taso?

Baba Mai Sawaba: Zan kira ka a waya, ba a gaban yara ba.

Admin: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita kafin in rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda cewa ba a tsayar da ɗan takara don a burge tarihi, ana tsayar da shi ne don ya ci, kuma Ticha ya kawo alƙaluma ba wanda ya iya musa su. Alhaji ya nuna mana ƙarshen taurin kai da misalin 1981, duk da muna girmama marigayi Balarabe Musa, Allah ya jiƙansa. Shi kuma Kwamared muna ba shi haƙuri kan maganar daliget, in sha Allahu wani karon za a sa shi. Su Baba Allah ya huci zuciyarku. Zan buɗe guruf bayan sallar asuba.

Kwamared Tudun Wada: Admin wane "kusan kowa"? Ni da Baba Mai Sawaba da Maman Ilham ba mutane ba ne? Kuma yaushe aka tabbatar da maganar daliget da har kake ba ni haƙuri a kai?

Maman Ilham: Ni kar a sa ni a layin kowa. Amma Admin kowa ya san a shagon Alhaji kake shan shayi.

Ɗan Rigasa: Ba wanda zai rufe komai sai an goge saƙon farkon nan.