Ruwan saman da muka tara da damina zai iya kai mu ƙarshen rani?

Uwar gida daga Damagaram:
Assalamu alaikum. A unguwarmu famfo yakan yi kwanaki bai kawo ruwa ba, kuma kuɗin da ake ba 'yan garuwa da bazara ya fi ƙarfin magidanta da yawa, alhali da damina muna kallon ruwa yana kwarara daga indararo, ya bi lungu har ya cika kududdufi. Mu takwas ne a gida, rufinmu kuma na kwano ne. Idan muka tara ruwan, zai ishe mu har ƙarshen rani, kuma zai shawu?

Magini daga Kano:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da lita ɗaya. Damagaram tana samun kusan milimita 400 a shekara, saboda haka rufin da ya kai murabba'in mita 50 zai karɓi lita 20,000, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin biyar zai salwanta. Idan kowannenku yana bukatar lita 5 a rana don sha da girki kawai, watanni takwas na rani za su ci lita 9,600. Ruwan zai isa, amma wurin ajiye shi ne ke da tsada, domin randa da jarkoki ba za su ɗauke shi ba. Ina ba da shawarar tankin siminti mai murfi, wanda aka yi wa shafe mai kyau daga ciki don kada ya yi yoyo.

Ma'aikaciyar lafiya daga Maraɗi:
Yaya, ina roƙonki kada ku tari ruwan farko. Rufin da ya kwashe watanni yana shan ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, sai ruwa ya wanke shi tukuna, kuma ko a tsakiyar damina a bar zubin farko ya wuce. A sa raga a bakin bututu, a rufe tankin ruf don kada sauro ya yi ƙwai a ciki, sannan a riƙa ɗiba ta kan famfo maimakon zura guga. Wanda za a sha, musamman na yara, a tafasa shi ko a sa masa kulorin.

Malamin makaranta daga Katsina:
Ni a ganina gida ɗaya na talaka ba zai iya gina irin wannan tanki ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba. Rufin masallaci da na makaranta sun fi na gida faɗi nesa ba kusa ba. Idan unguwa ta yi karo-karo ta gina babba a can, a damƙa makullin ga amintaccen mutum, kuma a yi yarjejeniya tun farko cewa ba za a buɗe ba sai rijiyoyi sun fara ƙafewa.